Ambaliya cikin hunturu ta tare mu a kogin Kwara, kayan sadakar Baba na ajiye, don Allah a ba mu shawara

Ɗan Mai Banda ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin na cina a rai ne, kuma na san akwai mutanen Yauri da Shanga da Bagudo a nan waɗanda sunka san ruwan nan fiye da mu nesa ba kusa ba.

Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi ya rasu bara bayan babbar sallah. Sana'arshi tun yana saurayi fataucin kifi ce, banda yake saye a tungayen masunta na bakin kogin Kwara daga Yauri har sama wajen Shanga da ƙasar Bagudo, ya ɗaure a kwali ya kai kudu. Mu ɗiyanshi a Birnin Kebbi munka tashi, boko munka yi ba wanda ya gaji sana'ar, amma tun muna yara labarin mutanen tungayen nan muke ji a bakinshi, yadda suke saukar da shi, su ba shi kifi bashi sai ya dawo ya biya, har akwai shekarar da jirgi ya kife da kayanshi kaf wani dattijo ya sake ɗora mishi wani kifin bai ko yi maganar kuɗi ba. Da ciwo ya tsananta ya kira Inna da Yayanmu babba ya ce in Allah ya hore kar a manta da mutanen ruwa, ya lissafo tunga bakwai da bakinshi Yaya na rubutawa a takarda.

Bayan an raba gado munka ware wani abu, kowa kuma ya ƙara daga aljihunshi, munka sayi shinkafa buhu 20, barguna 70, gidan sauro, sabulu, gishiri, da Alƙur'anai da alluna don makarantun allo. Tun watan tara Inna ke cewa a tahi, mu munka hana, munka ce damina ce ruwa ya cika a bari rani ya shigo ruwa ya ja baya, sai munka sa ƙarshen watan sha biyu lokacin hutun makaranta don yara ma su ga inda kakansu ya yi nema. Mu takwas ne, Inna, Yaya da maiɗakinshi da ɗiyansu biyu, ni, ƙanwarmu, da ɗan ƙanen Baba. Mun bar Birnin Kebbi bayan asuba ta Jega da Koko, mun kwana Yauri gidan 'yan'uwa.

Da safe da munka iso bakin ruwa ni dai gabana ya faɗi. Abin da na sani lokacin da Baba ya taɓa kawo mu muna ƙanana shi ne yashi fari fat da kwale-kwale kwance bisa gaɓa, sai ga ruwa shimfiɗe har gindin itatuwa, kuma ba irin jan ruwan damina mai laka ba, wani ruwa ne garau mai ɗan duhu, ba ya hayaniya amma yana tahiya. Mai jirgin da munka yi ciniki da shi ya ce ma Yaya, Alhaji ruwa fa ya kawo, kwana uku ba za su ishe ku ba, kuma wasu tungayen ba lalle ku iske mutane ba. Wallahi mun ɗauka ƙarin kuɗi yake nema, Allah ya yafe mana, ashe gaskiya bawan Allah ya faɗa mana.

Tungar farko mun isa da azahar lafiya lau, sai dai mashigin ya nutse, a gindin wani mangwaro anka ɗaure jirgi samari sunka shiga ruwa iya cinya suna sauke buhuna. Da Inna ta faɗi sunan Baba wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta fashe da kuka, ashe ko labarin rasuwar bai iso musu ba. Wannan ranar kam ba zan manta da ita ba. Tunga ta biyu kuwa bukkoki munka iske tsaye cikin ruwa ba kowa, sai wani yaro cikin kwale-kwale yana ciro tukwanen gidansu, shi ya ce mana kwana tara kenan da sunka tashi sun koma tudu, kuma hanyar zuwa can duk taɓo ne ba a ɗaukar buhu a kai. Gonakin albasa da shinkafar rani da sunka dasa a fadama duk ruwa ya hau, kana hango saman ganye kawai.

Washegari hazo ya sauko sosai. Ciyawar nan burugu da ke yawo bisa ruwa ta naɗe farfelar inji har sau uku, ƙananan gungun da direba ke gane hanya da su ruwa ya shanye su, muna cikin lallaɓawa sai ji munka yi gum, jirgi ya hau kututture, katako ya tsage ruwa ya fara shigowa. Rigar ruwa biyu kacal ke cikin jirgin, yaran munka sa ma. Mu muna kwarfe ruwa da roba da kwanon abinci, Inna na salati, direba da yaronshi sunka tura da gora har munka samu inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Buhu huɗu sun jiƙe, gishiri ya narke, barguna wajen goma sun sha ruwa. Wata tunga da ba ta ma cikin takardar Baba ita ta sauke mu, sunka hura mana wuta sunka ba mu kunu da kifi sunka liƙe jirgin da tsumma da kwalta, mutanen da su kansu ruwa ya ci musu gona. Inna ta kwana rawar sanyi ta tashi da tari. Mun bar musu buhu uku da barguna munka juyo.

Yanzu kwana takwas kenan, sauran kayan na ajiye a shagon wani ɗan'uwa a Yauri kuma gida ba daɗi. Yaya ya ce a raba a nan cikin gari mabuƙata sun cika ko'ina, sadaka dai sadaka ce, ba zai sake sa uwarshi da ɗiyanshi cikin jirgi ba. Inna ta ce mutanen ruwa marigayi ya ambata, ko ita kaɗai sai ta koma. Ni ina tsakiya, kowa na ga gaskiyarshi.

Tambayata, mi ke kawo ambaliya cikin hunturu alhali rabonmu da ruwan sama tun watan goma? Yaushe ruwan zai sauka a iya komawa? Sannan in munka raba a gari mun saɓa ma wasiyya ko ba mu saɓa ba? Da kuma shinkafar da ta jiƙe, ya za mu yi da ita. Na gode.


Bakabe Na Asali ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba Inna lafiya. Ɗan'uwa wannan ba komi ba ne illa dam, duk shekara haka suke yi su saki ruwa ba sanarwa talaka ya kwana ciki. In ba Kainji ba to Goronyo ko Bakolori. Mu nan wajen Argungu 2020 mun ga tashin hankali, shinkafa ta kusa yanka ruwa ya zo ya shafe ta, har yau akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Ni shawarata ku bi maganar Yayanku, rai ya fi komi.


Basarken Kwara ya rubuta:

Salamu alaikum. Ɗana ina yi muku gaisuwar Baba, Allah shi gafarta mishi. Ban san shi da suna ba amma irinsu fataken banda mun yi zama da su shekara da shekaru, mun san amanarsu. Ni bisa ruwan ga anka haihe ni, kakana masunci ubana masunci, ni kuma na yi tuƙin jirgi sama da shekara talatin kahin gwiwa ta hana ni.

Bakabe ɗan'uwana, ba dam ba ne wanga. Kainji ƙasa da Yauri take, in sun buɗe ƙofa mutanen Jebba da ƙasar Nupe ka shan ruwan ba mu ba, mu sai dai in sun riƙe ruwa ya taru ya yo baya. Ruwan da kuke sha a Argungu kuma gulbinku ne da ke gangarowa daga Sakkwato, shi da damina yake nashi. Kwara ita sau biyu take cika a shekara, kowane yaro a tunga ya san haka. Akwai cikar damina, ruwa ja mai laka mai gudu, shi ka karya gaɓa ya ɗebo itace. In ya ɗan ja baya mutane sun fara dashe sai na biyu ya iso cikin sanyi, shi baƙi ne garau kuma sannu yake hawa, yau ka kafa kara bakin ruwa gobe ka iske ya wuce shi da taƙi ɗaya, jibi haka, ba ka ankara ba ya shigo ɗaki. Iyayenmu cewa suke ruwan yamma ne, daga ƙasar Mali yake tahowa ya biyo ta Yamai da Gaya ya shigo muna ta Lolo. Wata shekara da sauƙi, wata shekara kamar bana sai haƙuri.

Kuma ka san wani abu ɗana, ruwan sanyin nan ya fi ruɗin matuƙi. Ruwa in ya yi ƙasa kana ganin kututture da dutse ka kauce, in ya rufe su da ɗan kaɗan shi ne mugun abu, saman ruwa lumui ƙasa kuwa ga itace tsaye. Ga hazo. Ga dorina da ke barin inda anka san ta ta bi ruwa cikin fadama. Direbanku ya yi ƙoƙari ƙwarai da ya kai ku gaɓa, ku neme shi ku yi mishi alheri ko na gyaran jirgi ne.

Kurakuranku in hwaɗa muku don gaba, ba don in ɗora muku laihi ba. Ba a haɗa buhu ashirin da tsohuwa da yara cikin jirgi guda, kaya jirginsu daban mutane nasu daban. Ana jera itace ƙasan buhuna a rufe da tampol. Ranar hazo ba a tashi sai rana ta ɗaga an fara ganin ƙetare, kuma la'asar na yi a nemi masauki, dokar hukumar ruwa ta NIWA ma ta hana tahiyar dare daga shida na yamma zuwa shida na sahe. Rigar ruwa kowa da tashi, ku saya da kuɗinku ku zo da ita kar ku dogara ga mai jirgi. Mu da munka ga abin da ya faru kusa da Wara a ƙasar Ngaski watan Mayu 2021, jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse, anka yi kwanaki ana ciro gawa, ba mu son jin an ce rigar ruwa biyu ga mutum goma.

Batun yaushe, ruwan ga ba zai sauka sosai ba sai wajen ƙarshen watan uku zuwa na huɗu. Kuma kar ku kai watan biyar, iskar farkon damina bisa faɗin ruwan Yauri ba abin wasa ba ce. To amma ka duba, bargo a watan huɗu mi zai yi ma mutum? Yanzu suke cikin sanyi, yanzu gonarsu ke ƙarƙashin ruwa, yanzu shinkafar ga za ta yi musu rana. Don haka ba ku za ku tahi wurinsu ba, su za su zo. Mutumin tunga ko ruwa ya kai ina ba ya fashin kasuwa, dole ya kawo kifi ya sayi gishiri da mai. Ka ɗauki takardar Baba ka tahi wurin Sarkin Ruwa ko shugaban 'yan jirgi a tashar Yauri, su sun san wa ke zuwa daga kowace tunga da inda kowa ya koma, a aika ma masu unguwanninsu, ranar kasuwa kowace tunga ta turo kwale-kwalenta da dattijo guda a ɗora musu rabonsu, buhu biyu buhu ukku ba ya nauyaya jirgi kuma su sun san hanyarsu ko da ido rufe. Inna ta zauna bisa tabarma a gaɓa ta miƙa da hannunta. In ruwa ya sauka sai ku kai ta ziyara da goro da sabulu, ba kaya mai nauyi.


Malamin Labarin Ƙasa ya rubuta:

Baba Basarke ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ɗan ƙarin bayani kawai zan yi don Bakabe da masu irin tunaninshi, domin ko ɗalibaina a aji kullum sai mun yi wannan gardamar.

Kogin Neja, wato Kwara, tsawonshi ya kai wajen kilomita 4,180, kuma mafarinshi tsaunukan ƙasar Gini ne kusa da iyakar Saliyo. Abin mamaki mafarin bai fi kilomita 240 daga teku ba, amma maimakon ya gangara teku sai ya juya ya nufi hamada, ya bi ta Bamako da Segu da Mopti har kusa da Tambutu, sannan ya lanƙwaso ta Gawo da Yamai da Gaya ya shigo Najeriya ta jiharmu. Ruwan saman da ake zubawa a Gini watan bakwai da takwas da tara shi ne ruwan da ya tare ku. Dalilin jinkirin kuwa, a tsakiyar Mali tsakanin Segu da Tambutu akwai wata makekiyar fadama shimfiɗaɗɗiya mai tafkuna da rassa barkatai, ruwa in ya shiga sai ya bazu ya yi watanni yana rarrafe, rana ta shanye kaso mai yawa, lakar da ya ɗebo ta kwanta a can, abin da ya rage ya fito a tace. Shi ya sa ka gan shi garau. A Yamai yakan kai ƙololuwa wajen watan ɗaya, mu kuma nan ya iso mu a tsakanin watan sha biyu zuwa na biyu. Masana ruwa suna ce ma na damina farar ambaliya saboda laka, na hunturu kuma baƙar ambaliya, mutanen Nijar kuma ruwan Gini suke ce mishi.

Kenan in kana son sanin yadda hunturu zai kasance a Bagudo da Shanga da Yauri, ba samanmu za ka duba ba, labarin daminar Mali da Gini za ka saurara a rediyo. Duk shekarar da ka ji ruwa ya yi ɓarna a can, ka sa rai bayan wata uku zuwa huɗu zai gaishe mu.

Game da Kainji, an gama gina dam ɗin a 1968, tafkin da ya tara ya miƙo tun daga New Bussa har Yauri, an tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwa da gungunansu, ciki har da Gungawa da yawa na ƙasar Yauri. Itatuwan da ruwan ya rufe tun wancan lokacin da yawansu na nan a tsaye a ƙasa, su ne kututturan da ke fasa jirage har yau. Kuma wannan baƙin ruwan da shi tafkin ke ƙara cika a samu na juya injinan lantarki da rani, to in tafki ya cika ga kuma ruwa na ta shigowa daga sama, dole gefen Yauri ya tumbatsa. Ta nan ne kawai maganar Bakabe ke da ɗan kamshin gaskiya, riƙe ruwa ne ba saki ba. Bakolori tana Talata Mafara bisa gulbin Sakkwato, Goronyo bisa gulbin Rima, su da damina ake jin su.

Abin da ke ba ni takaici shi ne bayanin nan ba ɓoyayye ba ne. Akwai hukumar ƙasashen kogin Neja mai hedikwata a Yamai da ke auna ruwan, akwai hukumar NIHSA a nan gida da ke fitar da hasashen ambaliya duk shekara, amma yawancin faɗakarwar da ke iso ma mutane ta damina ce, da an shiga watan sha ɗaya sai kowa ya saki jiki. Manomin da ya ci bashin taki da man inji ya dasa a fadama shi ke kwana ciki.


'Yar Argungu ta rubuta:

Sannunku da wannan jarrabawa ƙanena, Allah ya sa a mizani. Ni batun shinkafa da Inna zan yi magana don su na fi sani.

Ba ka faɗa mana ba ko kun buɗe buhunan da sunka jiƙe. In tun ranar kun zazzage kun shanya bisa tampol a iskar hunturun nan to kwana biyu ta bushe ƙarau, sai dai ta kakkarye, a yi tuwo ko masa da ita ba komi. In kuwa kwana takwas ɗin nan tana ɗaure cikin buhu a shago to don Allah ka je yau ka kwance, ka sa hannu tsakiya, in ka ji ɗumi ko warin tsami ko ka ga ta dunƙule ta yi baƙi-baƙi ko kore to ta yi hunhuna, kar ku ba kowa, ko kaji ban so a zuba ma mai hunhuna. Da shanshera ce da ta fi jurewa, gyararriya ba ta son ruwa ko kaɗan. Kuma ku raba ta da sauran buhunan da bargunan kar damshin ya kama su. Abin da ba za ka dafa ma Inna ba kar ka ba wani da sunan Baba.

Inna kuma ku kai ta asibiti a duba ƙirjinta, tarin tsoho bayan kwanan sanyi ba a yi mishi jiƙe-jiƙe a zauna. Sannan ka ce ma Yayanku ya sassauta murya. Ni na rasa maigidana shekara shida kenan, na san abin da take ji, ba shinkafa take son kaiwa ba, maganar ƙarshe da mijinta ya bar mata ce take riƙe da ita, in kunka raba a gari ko kun ciyar da mutum dubu ita a ranta ba ta sauke ba. Dabarar Baba Basarke ta yi daidai, amma ku bari ita ta amince da bakinta kar ku yanke ku sanar da ita.

Abu ɗaya da zan ƙara, in da sauran kuɗi ku sa zannuwa da maganin tsarkake ruwan sha da gishirin zawo na yara, don in ruwa ya hau tunga rijiya da bayan gida duk haɗewa suke, gudawa ke biyo baya. Matan can ba za su roƙa ba amma suna buƙata.


Ɗan Mai Banda ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba Basarke wallahi na karanta ma Inna maganarka tun daga farko har ƙarshe ta ce in sake, ta yi shiru can ta ce haka marigayi ke cewa, mutumin ruwa ba ya fashin kasuwa. Yaya 'Yar Argungu kin yi gaskiya, buhu biyu mun shanya tun a tunga, biyu kuwa mun manta da su cikin ruɗu, na kira anka buɗe ɗazu an ce sun yi wari, za mu musanya da kuɗinmu. Inna mun je asibiti jiya an ba ta magani da sauƙi alhamdu lillahi. Saura batun wasiyya, Yaya ya ce sai ya ji ta bakin malamai.


Almajirin Gwandu ya rubuta:

Ni ba mufti ba ne ɗalibi ne, ku kuma tuntuɓi limaminku da ya san gidanku. Amma abin da na fahimta, tunda marigayi ya ambaci mutane da wurare da bakinshi kuma isar da kayan bai gagara ba, hanya ce kawai ta sauya, to su ɗin sun fi cancanta a kai ma, balle yanzu da buƙatarsu ta ninka. Ba a ce lalle sai ƙafarku ta taka tungar ba, wakilci ya halatta a sadaka, abin nema shi ne ta isa hannun mai ita. Shi ma Yayanku yana da hujja a tsoronshi, ayar da ta yi umarni da ciyarwa don Allah a Suratul Baƙara aya ta 195 ita ce dai ta ce kar ku jefa kanku cikin halaka. Don haka ba a mayar da Inna cikin jirgi yanzu, ba a kuma karkatar da kayan. Buhu ukun da kunka bar ma waɗanda sunka sauke ku kar ku ji komi a kai, sun cancanta, in da hali ku cike gurbinsu. In an gama wannan ku yi tunanin famfon tuƙa-tuƙa ko da ɗaya ne a tudun da suke komawa duk shekara, shinkafa za ta ƙare, ruwan sha kuwa ladanshi na gudana ma Baba muddin ana sha.


Ɗan Mai Banda ya rubuta:

Salam, na dawo in ba ku labari. Yaya ya yarda, shi da kanshi ya je tashar jirgi da takardar, shugaban 'yan jirgi ya haɗa shi da wani dattijo da ya san Baba sarai, anka aika. Ranar kasuwar da ta wuce munka shimfiɗa ma Inna tabarma a gaɓa da bargo a kafaɗa, tunga huɗu sun turo kwale-kwale, har da waɗanda munka iske bukkokinsu cikin ruwa. Dattijon nan da ya taɓa ɗora ma Baba kifi bayan jirgi ya kife ashe shi ma ya rasu shekara uku kenan, ɗanshi ne ya zo, ya kawo ma Inna bandar kifi ƙulli guda ya rantse sai ta karɓa. Kuka dai an sha shi. Mai jirginmu ma mun same shi mun biya gyaran katakon.

Saura tunga biyu na can sama wajen ƙasar Bagudo, su ba Yauri suke cin kasuwa ba kuma an ce sun tashi, wayar wanda anka ba mu ba ta shiga. Rabonsu buhu biyar da barguna ashirin na nan Inna ta hana a taɓa. In akwai wanda ke da hanya wajen gadar Tuga ko ya san 'yan jirgin can don Allah ya yi min magana, sanyi na wucewa.


Basarken Kwara ya rubuta:

Madalla ɗana. Turo min sunan tungayen biyu ta saƙo kar ka sa a nan. Akwai yaron ƙanena da ke ɗaukar albasa daga wajen Tuga, zan sa shi tambaya gobe in Allah ya kai mu. In an gano inda sunka koma kar ku biyo ruwa da kayan, ku sa a mota ta Koko zuwa Bagudo, daga gada kwale-kwale ƙarami ya isa. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ta riƙa shan ruwan ɗumi.